Bikin 'Yancin Morufu Mai Aski

Tambaya guda ce ta jawo komai, kuma da Simbiyatu ta san inda za ta kai su, da ta cusa wa mijinta Morufu ƙosai mai zafi a baki kafin ya yi ta.

Ran nan Kyaftin Oyewole, tsohon matuƙin jirgin sama da ya yi ritaya ya dawo gida garin Shaki a ƙasar Yarbawa, ya shigo aski shagon Morufu. Simbiyatu, wadda unguwa ke kira Iya Sodiki, tana bakin ƙofa tana suya, komai a kunnenta. Shi kuwa Morufu irin mutanen nan ne da ba sa iya riƙe almakashi bakinsu a rufe.

"Baba Kyaftin, wai shekara nawa ka yi kana koyon tuƙin jirgi?"

"Biyu da 'yan watanni."

Kilifar aski ta tsaya cak a hannun Morufu. "Biyu? Ni fa shekara bakwai na yi a hannun babana kafin ya bar ni in taɓa kan mutum! Ashe aski ya fi jirgi wuya sau uku da rabi!"

Kyaftin ya yi dariya, a zatonsa wasa ne. Ya koma gida gefen kansa ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Ranar Laraba, a taron ƙungiyar masu aski, Morufu ya miƙe ya sanar cewa ya gama da kawunan mutane, sama zai koma. Lamidi, abokin adawarsa da ke aski a wata 'yar rumfar kwano bakin tasha, ya yi dariya har ya faɗo daga benci.

"Kai da ko keke sai an riƙe maka?"

Nan fa Morufu ya harzuƙa. Ya zaro almakashin marigayi babansa, ya taɓa shi a harshe a gaban Baba Alaga shugaban ƙungiya, ya ce, "Ranar da maigidan da zai koya min tuƙin jirgi ya miƙa min takardar 'yanci, shaidar na gama koyo, ranar Lamidi ya karɓi mabuɗin shagona, da kujera da madubi, kyauta! Me matuƙin jirgi zai yi da shago?"

Dariyar Lamidi ta ɗauke. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya ce a hankali, "Baba Alaga, ka dai ji ko?"

Baba Alaga ya ji, kowa ma ya ji. Rantsuwa da ƙarfen sana'a kuwa ba a janye ta. Da labari ya iso wa Simbiyatu sai da matsamin ƙosai ya faɗi daga hannunta. Shagon nan shi ne cinsu, ɗakin da ke bayansa nan suke kwana da 'ya'ya huɗu, a ƙofarsa kuma take suya. Ta zauna daɓas a ƙasa, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Baba Sodiki, ka kashe mu!"

"Ke dai fara koyon cin abinci da cokali mai yatsu. Matar Kyaftin ba ta sa hannu a amala."

Washegari Morufu ya sayi goro da katan na lemo, kamar yadda duk mai neman koyon sana'a ke yi, ya nufi gidan Kyaftin. Ana buƙatar wanda zai tsaya masa, sai ga Lamidi ya yi wanka ya sha turare, wai ai abokin kirki ranar irin wannan ake saninsa. Simbiyatu ta bi su a baya tana Allah ya isa a zuci.

Suna shiga Morufu ya zube rub-da-ciki a tsakar gida. "Oga, na kawo kaina. Ka doke ni, ka zage ni, ka dai koya min."

Kyaftin ya ajiye kofin shayinsa. "Morufu, tashi ka ji. Wannan ba kanikanci ba ne, makaranta ake shiga. Sai kana da takardar sakandare, ka ci lissafi da kimiyya. Likita ya duba idonka da kunnenka da zuciyarka, har fitsarinka. Ka iya Turancin da ake yi da masu hasumiyar filin jirgi. Ka cika awa wajen ɗari biyu a sama. Kuɗin kuwa, ko a sayar da layinku kaf har da awakinsa, da ƙyar ya kai ka rabin hanya. Ni ɗin nan ko jirgin ba ni da shi."

Morufu ya ɗan ɗago ya ƙyafta wa Lamidi ido. "Ka ji manyan iyayen gida. Haka suke gwada mutum. Babana ma cewa ya yi hannuna na mai faskare ne."

Aka yi, aka yi, ya ƙi tashi. Rana ta take, shayi ya huce, maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Kyaftin ya gaji ya ce, "To na ji, tashi!"

"Ya ce ya ji!" in ji Lamidi, har da tsalle. "Ni shaida ne, ya karɓe shi!"

Daga ranar Kyaftin bai sake sanin kwanciyar hankali ba. Yaron sana'a da hidimar gida yake farawa, saboda haka Morufu ya fara da mota: ya dirje ta da soson ƙarfe har fenti ya koma kamar bayan tukunya. Ya ɗauko tsohuwar farar rigar aikin Kyaftin zai goge, ya tsaya yi wa mai wanki bayanin yadda ake ratsa gajimare, ya dawo ya tarar da hoton dutsen guga a tsakiyar baya. Furannin da Kyaftin ya shekara uku yana reno, Morufu ya dube su ya ce gashinsu ya yi yawa, ya yi musu tal-kwabo. Sai kuma karen gidan, wani ɗan fari mai gashi buzu-buzu da 'yar Kyaftin ta aiko daga ƙasar waje. Kafin azahar kare ya fito sumul kamar ɓera, an ma yi masa gyaran fuska. Kwana uku yana ƙarƙashin gado don kunya.

Duk ɓarnar da aka yi, Simbiyatu ce ke ɗaukar faranti da ƙosai ta je ta durƙusa. Har ta kai ga in Kyaftin ya hango faranti sai ya dafe ƙirji ya ce, "Yau kuma me ya mutu?"

Sai maganar awa ɗari biyu a sama. Morufu ya yi nazari ya gano cewa Oga bai ce lallai a cikin me ba. Ya sa tela ya ɗinka masa farar riga. Ya ji Kyaftin igiya huɗu yake ɗaurawa a kafaɗa, ya ce shi a sa masa shida, kada a yi ta komawa wurin tela. Ya ɗauki kujerar roba da littafin rubutu da mazurarin mai, ya hau can ƙololuwar ƙarfen da tankin ruwan Kyaftin ke kai. Kullum yana can daga hantsi, yana duba agogo yana rubutawa, yana magana cikin mazurari.

"Hasumiya, hasumiya, Kyaftin Morufu ne. A kawar da awakin nan, zan wuce."

Unguwa ta samu abin kallo kyauta.

"Baba Sodiki, in ka isa Jidda ka sayo min dabino!"

"Kyaftin, ka hango min akuyata daga nan? Baƙa ce mai farin goshi!"

"Ku dai yi ta yi," in ji shi. "Ranar da zan bi ta kan rufinku, wanda ya yi min dariya ba zan ɗaga masa hannu ba."

Mutum ɗaya ne ba ya dariya, Lamidi. Shi ke ɗaura kwanon amala da miyar ewedu a igiya yana tura masa sama, yana yi masa kirari, har ƙarin awa yake ba shi shawarar rubutawa. Masu son aski kuwa suna zuwa su tarar da shago a rufe, su tsaya su sosa ƙeya su wuce. Simbiyatu tana kallonsu, ranta na ƙuna.

A rana ta goma sha tara hadari ya taso da iska. Ƙarfe ya fara rawa. Morufu ya jefar da mazurari ya rungume tanki yana kiran sunan uwarsa da ta rasu shekara goma. Ya sa ƙafa neman tsani, ya taka bututu, bututu ya ɓalle, ruwan tanki gaba ɗaya ya kwararo ta tagar ɗakin Kyaftin. Magina huɗu ne suka sauko da shi da igiya kamar buhun siminti. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya gyara kafaɗa ya ce, "Kun ga saukar gaggawa? A lissafa min yau awa biyu-biyu."

Mako na zagayowa ya ce ya cika awanninsa, ya tsayar da ranar bikin 'yanci. Aka buga anko, atamfa shuɗiya da fuskarsa a jikin jirgi, jirgin ma fuskar ta fi shi girma. Aka kama rumfuna da makaɗa. Lamidi ya sayi fenti, ya riƙa zuwa yana auna ƙofar shago da taku.

Simbiyatu ta ruga gidan Kyaftin, wannan karon ba faranti. Ta tarar da shi zaune a kan katifar da ya shanya.

"Baba, ba dai za ka ba shi takardar nan ba?"

"Iya Sodiki, wallahi ko takardar zuwa duniyar wata yake so zan sa hannu. Takardar banza ce, ba filin jirgin da zai bar shi ya wuce ƙofa da ita. Ni dai ya fita daga gidana."

"A wurinka ce ta banza. A wurin Baba Alaga ta isa a karɓe mana shago." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ka sa hannu, Baba. Amma ka sani, ranar nan zan kwaso 'ya'ya huɗu da kaskon suya mu tare a nan. Shi ma uban nasu nan zai zauna, tunda ba shi da aikin yi sai hidimarka."

Kyaftin ya dubi mota, ya dubi furanni, ya dubi kare. Sannan ya juyo gare ta.

"Ba a yaye yaro sai ya nuna aikinsa a gaban manya, ko ba haka al'adar take ba?"

"Haka take, Baba."

"To ki sa a fito da kujerar askin nan mai juyawa."

Ranar biki layin ya cika maƙil, ko'ina ka duba fuskar Morufu ce a gindin wani ko a kan wata. Tukwanen amala na tururi, ga babbar roba cike da miyar ewedu, ga ganda. A kan tebur an jera gishiri da zuma da goro na addu'a, kusa da su takardar 'yanci, Kyaftin ya riga ya sa mata hannu don kowa ya gani. Baba Alaga ya karɓi mabuɗin shago ya riƙe, Lamidi na gefensa yana haɗiyar yawu.

Kyaftin ya miƙe. "Tambaya ɗaya tukuna. Morufu, ka shiga gajimare, ba ka ganin gabanka. Me za ka yi?"

"Sai in sauke gilashi in leƙa, Oga."

"Daidai!" Lamidi ya daka tsawa. "Wallahi daidai! Ni ma haka na ji ana yi!"

"Ƙarya ne!" in ji Simbiyatu. "Mutumin da ko hanyar gidan surukansa sai ya tambaya?"

"Haba Iya Sodiki, mijinki gwani ne!"

"Boda Lamidi, ni nake aurensa ko kai? Ba abin da ya iya!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Ba a taɓa ganin biki irin wannan ba, inda maƙiyi ke yabo, matar gida ke tsiya.

Kyaftin ya ɗaga hannu. "A cikin gajimare ido ba ya aiki, kai kuma yana yi wa mutum ƙarya. Matuƙi na gaske shi ne wanda kansa ke juyawa amma ya bi umarnin hasumiya. Za a ɗaure maka ido, a juya ka a kujera, ka tashi ka yi taku goma zuwa teburin nan. In takarda ta shiga hannunka, ka samu 'yanci."

"Ni ne hasumiya!" in ji Lamidi.

"Ni ce mai juyi," in ji Simbiyatu.

Morufu ya hau kujerar babansa yana ɗaga wa jama'a hannu. Aka ɗaure masa ido da ƙyallen aski. Simbiyatu ta tofa yawu a tafi. Hannu ne da ya shekara goma sha biyar yana dakan sakwara, ta kuwa saki kujerar nan da dukan baƙin cikin da ta tara. Kujera ta yi ta kuka, igiyoyin kafaɗa suka haɗe suka zama zobe, takalmi ɗaya ya tashi ya sauka a rufin maƙwabta. Shi ne kaɗai abin Morufu da ya taɓa tashi sama.

"Ya isa!" in ji Kyaftin. "Ba kashe shi na ce ki yi ba."

Morufu ya sauko, ƙafafunsa kowacce da inda ta nufa. Ya rungumi Baba Alaga ya kira shi Simbi, aka ɓamɓare shi. Amma Lamidi ya buɗe murya kamar mai kiran fasinja a tasha. "Dama! Hannun damanka, ɗan'uwa, wanda kake cin amala da shi! Yawwa! Miƙe! Saura shida! Saura biyar!"

Abin mamaki, wawan nan ya fara bin hanya. Yana tangaɗi, yana lilo, amma yana matsawa. Saura huɗu. Saura uku. Kyaftin ya fara zufa. Baba Alaga ya ɗaga mabuɗi. Morufu ya miƙa hannu, yatsunsa na lalube a iska, tsakaninsu da takarda bai fi kamu ɗaya ba.

Simbiyatu ta zabura. Ta waiga ta ga 'ya'yanta huɗu a jere cikin anko suna tafa wa ubansu, ba su san ɗakin kwanansu yake miƙa wa hannu ba. Ba ta san lokacin da ta koma bayansa ba, ta dafe kunne ɗaya, ta kira shi da sunansa na kirari, ta saki kirarin gidansu da muryar da surukarta ta koya mata tun tana amarya.

"Ajadi! Ajadi ɗan masu aska! Jikan wanda sarki ya sunkuyar wa kai! Gidanku mai hula ke shiga ya tuɓe, mai taƙama ya zauna shiru sai an ce ya motsa! Ajadi mijina, wa ya isa ya dafa ƙeyar manya in ba kai ba!"

Da wayo ta fara, amma kafin ta kai tsakiya hawaye ne ke zubo mata, don ta san duk gaskiya ne, kuma son sakaran nan take yi. Masu kalangu suka cafke, suka mayar da kirarin cikin kiɗa.

Hannun Morufu ya tsaya a iska. Duk ɗan Shaki ya san abin da kirarin gida ke yi wa mutum: kai ne ke kumbura, ƙafa ta daina jin magana.

"Kada ka saurare ta!" Lamidi ya ƙwala ihu. "Hasumiya ce ke magana! Gaba! Taku ɗaya, don girman Allah!"

Ina! Kafaɗar Morufu ta motsa. Ya juya wajen muryar matarsa, ya buɗe hannuwa, ya durƙusa zai kwashi rawa. Kan da ke juyawa kuwa bai yarda da rawa ba. Ya yi baya-baya, ya cafki ƙarfen rumfa, rumfa ta biyo shi ta rufe Baba Alaga da dattawa shida, shi kuma ya tafi da gudun da bai yi niyya ba ya zauna daram cikin robar ewedu. Miya ta yi tsalle ta wanke Lamidi tun daga hula. Morufu ya yunƙura zai tashi, santsi ya mayar da shi, ya sake, ya sake komawa. Mata suka riƙe ciki suna faɗuwa a kan juna, makaɗa kuwa ko a jikinsu, sai ma ƙara wuta suka yi.

Kyaftin ya ninke takarda ya sa a aljihu. Daga cikin roba aka ji murya: "Oga, to gobe ƙarfe nawa zan zo aiki?"

Fuskar Kyaftin ta canja, sai yanzu ya tuna yaron da bai samu 'yanci ba yana nan a hannun maigidansa.

"Baba, kore shi!" Simbiyatu ta raɗa masa. "Maigida na da ikon kora!"

"Na kore ka!" Kyaftin ya faɗa da ƙarfin da ya tsorata kowa. "A gaban jama'a na kore ka! Ko inuwarka na gani a ƙofata sai na kira 'yan sanda!"

Baba Alaga ya rarrafo daga ƙarƙashin rumfa, hula a karkace. Ya yi gyaran murya ya yanke hukunci: korarren yaro ba shi da ranar 'yanci, ranar da ba za ta zo ba kuwa ba a karɓar shago a cikinta. Ya dubi Morufu a cikin miya, ya girgiza kai, ya miƙa wa Simbiyatu mabuɗin.

"To fentin da na saya fa?" in ji Lamidi, kamar zai yi kuka.

"Ka shafa wa rumfarka, Boda, ta daɗe tana nema."

Ta ƙulle mabuɗin a bakin zaninta, ƙulli uku, sannan ta je ta kwance wa mijinta ido ta ciro shi. Ya jingina da ita yana ɗigar miya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Simbi, garin ya daina juyawa?"

"Bai daina ba. Riƙe ni."

Ya riƙe ta gam. Da ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya ɗaga murya: "Da gangan na sauka a nan! Matuƙin da ya san aikinsa wuri mai laushi yake nema!"

"Haka ne, Kyaftin," in ji Simbiyatu, tana dariya tana share ido. "Gobe ƙarfe bakwai za ka buɗe shago. Ni zan buɗe maka."